Ranar da Na Tayar da Malam Ilu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ba ni gawa in kai Sara ba. Lokacin kuɗin mai ya shigo gari, duk wanda ya sayar da gyaɗa sai ya hango mota. Kawuna ya sayi akori-kura ya damƙa mini tuƙi, ni kuwa na cika tashar Birnin Kudu da baki wai babu abin da ban sani ba a inji (iyakar karatuna, na taɓa riƙe wa wani makanike fitila a Kano).

Wata safiya da damina, wani dattijo mutumin Sara mai suna Malam Ilu ya rasu a asibiti, aka roƙi kawu mota. Aka naɗe shi a tabarma aka kwantar a baya, matarsa Inna Dije da maza biyu suka zauna gefensa, wansa Malam Hadi ya shiga gaba kusa da ni. An riga an aika gida a haƙa kabari, ga hadari yana haɗowa daga gabas.

A nan sai in faɗi gaskiya: ina tsoron gawa kamar raina. Ga shi direbobin tasha sun sha gaya mini cewa in ka ɗauko mamaci kada ka kuskura ka kashe mota a hanya, don wani in ya sami wurin da ya yi masa, ba ya yarda a ci gaba. Da rana nakan yi musu dariya. A ranar dariyar ba ta zo ba.

Mun kusa Sara gargadar hanya ta kwance igiyar tabarma, aka buga mini rufi in tsaya. Na tsaya, kuma saboda sabo na kashe mota. Da aka gama ɗauri na murɗa makulli, sai na ji ƙas. Na sake, ƙas-ƙas. Inji ko tari bai yi ba. Turawa kuma ba ta yiwuwa, tayoyi sun zauna cikin yashi.

"Yaro, lafiya?" in ji Malam Hadi.

"Lafiya lau, Baba, ƙaramin abu ne," na ce, alhali bayan rigata ya jiƙe sharkaf.

Na fita na ɗaga bonet na cusa kai. Wallahi ba na ganin komai. Idona na kan inji, hankalina na bayan mota. Na ce wa Malam Hadi ya murɗa, ƙas ɗin nan ya sake fitowa, ni kuwa kunnena ya rantse mini daga cikin tabarma yake zuwa. Duk addu'ar da na kamo sai ta tsinke a tsakiya.

Ina cikin haka sai wani hannu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya sauka a wuyana. Na waiga ta ƙarƙashin hammata, na ga farin mayafi tsaye.

Ban san lokacin da na gwara kai da bonet ba. Na dai ji muryata tana cewa, "Ya tashi! Malam ya tashi!" ƙafafuna kuma sun riga ni shiga gonar gero. Mazan nan biyu suka diro suka biyo ni, ɗaya har ya wuce ni. Wani mai keke da ya tsaya kallo ya hau abinsa ya yi gaba.

Muryar Malam Hadi ce ta dawo da mu. Ashe Inna Dije ce. Ta yi alwala, ta ga ina haɗa gumi, ta kawo mini ragowar ruwan buta in sha. Ta dube ni, ba takalmi, goshi ya kumbura, ta ce, "Ɗan nan, Malam bai taɓa razana ko kaza ba yana raye. Kai mu gida, ruwa zai sauko."

Kunya ta kori tsoro, sai a lokacin na fara aikin da ya kamata tun farko. Na danna hon, ya yi kukan ɗan akuya mai mura. Na kunna fitila, ta yi ja, da aka murɗa makulli ta mutu. Wuta ce ba ta isa. Na taɓa kan batir, yana juyawa a hannuna kamar zoben aro, ga wani farin gari ya cinye shi. Gargada ta kwance shi, shi ke nan. Na cire, na kankare da wuƙar Malam Hadi, na wanke da ruwan butar Inna, na ɗaure da sifana. Murɗa ɗaya mota ta tashi.

Na ɗauka iyakar abin kunyar ke nan, sai da muka shiga Sara. Maimakon shiru, guɗa muka tarar. Mai keken nan ya riga mu, ya shelanta cewa da kunnensa ya ji direba yana ihu Malam Ilu ya farfaɗo. Masu haƙa kabari sun ajiye magirbi. Babbar 'yar Malam Ilu ta fito da gudu ba mayafi, ta kama ƙarfen mota tana dariya tana cewa, "Baba, sannu, Baba." Sai ta ga tabarma a ɗaure.

Kukan da ta yi har yau yana kunnena. Inna Dije ce ta sauko ta rungume ta, ni kuwa da an zage ni da ya fi mini sauƙi. Aka rufe shi ana yayyafi, ina can ƙarshen sahu kaina a ƙasa.

Tun daga ranar, kowace mota ta yi mini ƙas, hannuna nake fara kaiwa kan batir, bakina kuma in rufe shi gam. Mutanen Sara sun yi wa Malam Ilu makoki sau biyu a yini ɗaya, na biyun nawa ne.