Ai Ruwan Bula Ne

Duk unguwar nan babu wanda ya san tsuntsu kamar Farfesan Fukafuki. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum ne da bai taɓa kuskure ba a shekara talatin da biyu da ya yi yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta. Farfesancin ma ba wata jami'a ce ta wahalar da kanta ta ba shi ba. Matan layi ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka buga masa a kati.

Ranar da ya yi ritaya duniya ta yi masa rashin kunya: ta ci gaba da harkarta. Ofis bai rushe ba. Waya ta daina ƙara. Mutumin da ya gaji kujerarsa ya wuce shi a titi, ya ɗaga masa hannu ko gilashin mota bai sauke ba. A wannan makon ne Farfesa ya gano ashe yana ƙaunar halittun Allah. Ya sayi kyamara mai hanci kamar taɓarya, da hula mai faɗin murfin tukunya, da riga mai aljihu goma sha ɗaya. Ya kafa sanda a bayan gida, ya rataya faranti, ya zuba tsaba, ya raɗa wa wurin suna Cibiya.

Cibiya kuwa da dokokinta. Ba a shanya, ba a shara, ba a tari. Matarsa, wadda tun zuwanta gidan a filin nan take wanki, aka kore ta da bahonta zuwa lungun bayan tankin ruwa, kada ta ɓata wa kimiyya hoto. In ta buɗe baki, sai ya ɗaga yatsa ɗaya, irin ɗagawar da yake yi wa masu jiran sa hannu a da.

"Maman yara, tsuntsu yana gane mai ilimi," yakan ce, da muryar da ke tashin duk abin da ya sauka a katanga. "Shiru yake so. Shiru!"

Da alama kuwa sun gane shi. Da ya zauna, sai su jeru a kan wayar lantarki su juya masa baya. Da ya shiga ɗaki, sai gwara da kurciya su sauko lungun matar suna tsintar ɓarɓashin da ta karkaɗe, har suna taka mata ƙafa. A wata huɗu Farfesa ya ɗauki hoto dubu uku. Akwai faranti. Akwai sanda. Akwai jela bakwai suna ficewa daga hoto. Sai hankaka ɗaya da ya tsaya ya kalle shi ido cikin ido kamar mai bincike daga hedikwata.

Abin da yake nema ba wani abu ba ne illa katin ƙungiyar masu kallon tsuntsaye, domin mai kati yana iya yin jawabi a taronsu, a kan tebur mai ƙyalle, mutane suna zaune suna saurare dole. Sharaɗin shiga guda ne: hoto ɗaya da ya fito tsaf, da sunan tsuntsun daidai. Sau biyu shugabarsu, wata tsohuwar malamar kimiyya mai tabarau a igiya, tana mayar masa da takardunsa da tambaya ɗaya a ƙasa: "Wannan jelar wa?"

Sai wata Asabar da safe tarihi ya sauka a kan faranti. Wata tsuntsuwa ce, girmanta na tattabara, tafiyarta ta tattabara, kukanta na tattabara. Mai ƙaramin sani zai ce tattabara ce. Amma shuɗiya ce daga ka har jela, tana sheƙi, ta kuma zauna daram har ya ɗauki hoto arba'in. Farfesa ya duba littafinsa mai shafi ɗari shida bai same ta ba, ya ji tausayin marubucin.

Ya nuna wa matarsa a fuskar kyamara. Ta goge hannu, ta duba, ta ce, "Baban yara, ai ruwan bula ne."

"Na sani! Ni za ki koya wa launi? Ruwan bula, haka na rubuta."

"A'a, abin da nake nufi..."

Yatsa ya tashi. Ta dubi yatsan, ta dubi lungun da ta yi wata huɗu tana jan baho zuwa cikinsa, sai ta koma wankinta. Ko ta yi iya ƙoƙarinta, wannan tsakaninta da Allah.

Farfesa ya raɗa wa tsuntsuwar sunansa, ya rubuta bayani shafi goma sha biyu, ya gayyaci ƙungiya. Ya gayyaci tsohon ofis ma, don kimiyya kawai, ya kuma ajiye wa magajin kujerarsa kujerar gaba, inda rana ta fi duka. Bayan sati uku, ranar Asabar, aka hallara. Ga hoton an faɗaɗa shi an jingina a kan tebur.

"Jama'a," ya fara, "akwai masu zaton ilimi yana ritaya. Wata huɗu na yi ina juriya, ni kaɗai, babu mataimaki, babu ko mai fahimta a cikin gida. Yau littattafai za su ƙara shafi."

Malamar ta ɗora tabarau a hanci. "Farfesa, me ya sa take kamar a jiƙe?"

"Sheƙin halitta ne, Malama. Shafi na tara."

Asabar dai ranar wanki ce. Wata farar tattabara ta sauka a katanga, ta dubi Cibiya ta kau da kai, ta faɗa bayan tanki. Aka ji facal-facal. Can ta fito shuɗiya shar, ta sauka a kan hoton kanta, ta girgije jiki. Ɗigo ya watsu a kan aljihu goma sha ɗaya.

Malamar ta leƙa lungun, ta ga baho cike da fararen rigunan Farfesa an jiƙa su a bula. Telan maƙwabta, mai tattabarar, ya leƙo ta katanga. "Farfesa, don Allah a riƙa rufe bahon nan mana. Duk Asabar sai ta dawo mini kamar an kai ta marina, har mijinta ya daina gane ta."

Magajin kujera ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa suna rawa. A ƙarshe dai ya lura da tsohon shugabansa.

Farfesa ya juya ga matarsa, murya ƙasa-ƙasa a karo na farko tun da aka kafa Cibiya. "Me ya hana ki faɗa mini?"

"Na faɗa, Baban yara. Ka ce ka sani."

Malamar ta zaro ɗan littafi da biro. Farfesa ya gyara hula, ya miƙe ƙirji, domin hoton dai ya fito tsaf, ko ba komai. Ta wuce shi kamar yadda tattabarar ta wuce faranti, ta tsaya gaban matar.

"Yaya, wace irin bula kike saye? Tawa ba ta kama haka."