Suruki a Lamba Uku

Duk wanda ya zauna a Azare shekarun nan ya san Haladu Mai Firji, ko da bai taɓa sayen komai a shagonsa ba. Firji da na'urar sanyaya ɗaki na gwanjo yake sayarwa a bakin kasuwa, kuma mutum ne da ya yi imani cewa duk abin da Bature ya ƙera, don ya kawo sanyi ya ƙera shi. Ba laifinsa ba ne sosai. Shekara ashirin yana zaune cikin kayan sanyi, a garin da in bazara ta kama har kaji haki suke yi a inuwa.

Bara waccan ya tafi Legas sarin kaya, ya hango wani ƙaton babur irin na Turawa masu doguwar tafiya, hankalinsa ya tashi. Ya dawo gida ya sayar da 'yar motarsa, ya koma ya ɗauko shi. Ranar da ya shigo gari da shi, 'yan acaɓa sun yi ta binsa har ƙofar gida. Abu ne jibgege, da akwatuna uku, da rediyo, da gilashin gaba mai hawa da sauka in an danna, har da giyar baya kamar mota. Kujerar baya kuwa ba a magana. Tana da majingina, tana da wurin ɗora hannu hagu da dama, mutum ya zauna sai ka ce a falon wani kwamishina.

Maɓallai sun fi talatin a gaban direba. Littafin bayanin da aka haɗo masa da wani yaren Turawa aka rubuta shi, ba Turanci ba, don haka Haladu ya zauna ya yi ta dannawa yana gano aikin kowanne da kansa. Ya gano na rediyo, ya gano wanda ke tausasa shokozoba, ya gano wanda ke riƙe gudu mutum ya huta da murɗa hannu. Sai ya zo kan wasu guda biyu, kowanne da hoton kujera, da wasu layuka uku masu lanƙwasa suna tashi daga cikinta, da lamba ɗaya zuwa uku. Ɗaya na kujerar gaba ne, ɗaya na baya. Ya dube su ya yi murmushi irin na wanda aka zo fagensa. Iska ce mana, me kuma zai tashi daga kujera? Bature ya sa wa mazauni na'urar sanyi.

To, ba na sanyi ba ne. A ƙasar da aka yi babur ɗin ƙanƙara ke zuba, kujerar dumama ta suke yi. Amma wa zai faɗa wa mutumin Azare cewa akwai inda ake biyan kuɗi don a ƙara wa wurin zama zafi? Nasa maɓallin kuwa bai taɓa kunnawa ba. A sana'arsa ya san sanyi na cin wuta, kada batir ya mutu, sai ya sadaukar, ya bar wa wanda zai ɗauka a baya. Wadda ya fi ɗauka kuwa ita ce matarsa, Atine.

Fitarsu ta farko ya kunna mata lamba ɗaya, can ta ce, “Malam, wurin nan fa da zafi.”

Ya ce, “Rana ce. Bari in ƙara miki.” Ya mayar lamba biyu.

Da ta sake magana ya kai uku, ya ce ta yi haƙuri ya ɗauka, ko firji sabo ba ya sanyi nan take. Wata biyu ana haka. Ran nan a hanyar Jama'are ta ce ya tsaya, ta sauka ta ce ita kam ta gama hawa wannan abu. Haladu ya ji haushi ƙwarai. Shi yana gaba yana shan zafi don ita, ita tana baya cikin ni'ima tana mita. A gaban masu sayar da mangwaro ya ce mata marar godiya. Ta tari mota, ta wuce gidan ubanta.

Mahaifin nata, Malam Manu, dattijo ne Bafillace, dogo, siriri, maganarsa ba ta da yawa. An ce da ƙuruciyarsa an yi masa bulala a sharo yana kallon madubi yana murmushi. Atine 'yarsa ce ta fari, ko sunanta ba ya faɗa. Ita ta gaya wa uwarta abin da ke damunta, uwar ta je ta ce wa Malam abin hawan nan yana cutar da yarinya. Ya ce a ina? Uwar ta dubi ƙasa, ta ce a dai jiki. Kunya ta hana maganar ƙarasawa, shi kuma ya yanke cewa sangarta ce irin ta 'ya'yan yanzu.

Saboda haka da Haladu ya zo biko, bayan sati uku yana cin abincin kasuwa yana ramewa, ya tarar da surukinsa a ɓangarensa. Ya tsuguna a zaure, kai a ƙasa, ya gaishe shi har sau uku.

Malam Manu ya ce, “Na ji maganar. Na yi mata faɗa. Gobe zan je Misau, an yi wa aminina jika. In na dawo ka zo ka ɗauki iyalinka.”

Da Haladu ya yi godiya ya tashi, da shi ke nan. Amma mutum ne da ba ya iya barin alheri ya tsaya inda ya tsaya. Ya ce, “Baba, in an yarda, ni zan kai ku. Sai ku gani da kanku ko akwai abin ƙi a jikin babur ɗin nan.”

Hawa babur ɗaya da suruki ba ƙaramin abu ba ne. Amma da dattijon ya leƙa ya ga kujerar baya can sama take, jiki ba ya taɓa jiki, sai ya ce to, hakan ma ya fi, in ya hau da kansa yarinya ba ta da sauran magana.

Washegari da hantsi, rana ta riga ta fara dukan tsakar ka, Haladu ya iso da babur yana ƙyalli. Ya taimaka wa Malam ya hau, ya tattare masa babbar riga. Ya gyara majingina, ya sauko da wurin ɗora hannu. Ya danna shokozoba ta yi laushi. Ya ɗaga gilashin gaba har ƙarshe don kada iska ta taɓa rawani. Ya kamo tashar da ake karatun Alƙur'ani, ya rage murya daidai kunnen dattijo. Sannan ya zo kan abin da yake ji da shi. Atine ma da ɗaya ya fara mata, amma suruki ba a fara masa da ɗaya. Ya danna uku.

Sun wuce ƙofar gari lafiya. Can bayan kamar minti goma Haladu ya ji an gyara zama a baya. Jim kaɗan aka sake gyarawa. Sai tari. Sai ya ji, a hankali, “La haula wa la ƙuwwata.”

Daɗi ya kama shi. Tsoho ya ga ikon Allah, in ji shi a ransa. Ya saci kallo ta madubi, don ba ya iya haɗa ido da surukinsa ko a madubi, ya hango Malam ya dafa wurin ɗora hannun nan biyu ya ɗaga jikinsa sama, wuya a miƙe. Haladu ya ɗauka gonaki yake kallo.

Malam Manu ya ce, “Malam Haladu, da sauran nisa?”

“Da saura, Baba. Kada a damu, ba sauri muke ba.” Ya rage gudu, ya danna maɓallin nan mai riƙe tafiya, babur ya ci gaba da lallaɓawa kamar mai rakiyar amarya.

Abin da ke faruwa a baya Allah kaɗai ya sani, sai Malam. Zafin ya ratsa wando, ya ratsa komai. Kuma ba wuri ba ne da dattijo zai ambata wa mijin 'yarsa. Da ƙafa ce da ya faɗa. Da baya ne da ya faɗa. Wannan kuwa ko da wuƙa a wuya. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya cusa gefen babbar riga a ƙarƙashinsa, duk a banza.

Da suka kai rabin hanya ya ce, “Ko za mu tsaya in yi salla?”

“Baba, ai azahar da saura.”

“Walaha.”

Haladu ya tsaya a gindin wata tsamiya, yana jin kunyar kansa da bai taɓa kula da wannan nafila ba. Malam ya sauka a hankali, ya yi alwala da ruwan gora, ragowar ruwan ya zagaya bayan bishiya da shi. Ya dawo ya ta da salla. Haladu bai taɓa ganin tsayuwa mai tsawo da zaman tahiya mai gajarta irin na ranar ba. Shi kuma bai zauna haka nan ba. Ya bar injin a kunne, ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe kujerar baya da ita, don kada sanyin da aka tara ya gudu.

Malam ya sallame, ya daɗe yana addu'a a tsaye. Ya dubi titi hagu da dama, babu mota ko ɗaya. Ya dubi kujerar. Ya yi bisimilla ya hau.

Daga nan har Misau wani irin numfashi yake ta ja ta haƙori.

Sun tarar da ƙofar gida cike da jama'a, an shimfiɗa tabarmi, ana ta fito da abinci. Malam Manu ya sauko, ya taka zuwa wurin amininsa ƙafafu a wawware. Aka kawo masa darduma, aka kawo matashi. Mai gida ya ce, “Bisimilla mana, Manu, zauna.”

Ya ce, “Na gode. Na sha zama.” Ya je ya dafa bango.

Haladu bai lura ba, don mutane sun riga sun kewaye babur, shi kuma ya buɗe makaranta. Ya ɗaga gilashi ya sauke. Ya sa giyar baya. Ya zo kan kujera ya ce, “Wannan kuwa ko gwamna bai da ita. Sanyi take fitarwa ta ƙasa. Ku tambayi Baba, tun daga Azare a lamba uku yake.”

Cikin masu kallo akwai angon ƙarni, wato uban jaririn, wani Sa'adu da ya yi shekara bakwai yana karatu a Rasha. Ya matso ya leƙa maɓallin, ya ɗora tafin hannu a kujerar, ya janye da sauri yana yarfewa.

Ya ce, “Alhaji, wa ya ce maka na sanyi ne? Wannan ai na dumama kujera ne. Can in sanyi ya yi sanyi ake kunna shi, kuma ko a can ban ga mai wuce lamba biyu ba.”

Haladu ya yi 'yar dariya, ya ce yaro bai san kayan sanyi ba. Sai ya ɗora nasa hannun. Tun da ya sayi babur ɗin, ranar ce ya fara taɓa kujerar baya tana kunne.

Wani ya juya baya kafaɗunsa na rawa, wani ya cusa hula a baki. Haladu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ba ma dariyar mutane ce ta dame shi ba. Atine ya tuna, da wata biyun nan, da kalmar da ya jefa mata a gaban masu mangwaro, ya ji tausayinta da kunya sun rufe shi lokaci ɗaya. Ga kuma mutumin da maganar komawarta ke hannunsa can ya dafa bango, gumi na ɗiga daga gemunsa.

Ya ja ƙafa ya je ya tsuguna a gabansa.

“Baba, a gafarce ni. Wallahi sanyi na nufa.”

Malam Manu ya ce, “Na ji a jikina.”

“Na kashe shi yanzu. In an gama sai mu koma.”

“Ka yi gaba. Akwai motar itace da ke zuwa Azare da yamma, ana tsayawa a bayanta.”

Haladu ya yi ta zane a ƙasa da yatsa, sannan ya ce, murya can ciki, “To Baba, maganar iyalin nawa fa?”

Dattijon ya dube shi daga sama. “Yarinyar nan, tun yaushe kake ɗora ta a kan abin nan?”

“Wata biyu, Baba.”

“A lamba nawa?”

“Uku.”

Malam Manu ya gyaɗa kai a hankali, ya sauya hannun da ya dafa bango da shi.

Ya ce, “Ranar da ka zo da abu mai ƙafa huɗu ka ɗauki matarka. Amma ka ci amanarmu, Haladu. Ɗanya muka ba ka ita. Da ka ce mana gasa ta za ka yi, ai da mun haɗa maka da ƙuli da albasa a cikin gara.”