Kwaltar Garinmu Sai Mai Aure

Jiya da hantsi na bar gyaran takardun ɗalibai, na tafi riƙe wa amarya jaka. Rumaisa'u ce, ɗiyar ƙanwata, da angonta Abdulwahabu mai shagon wayoyi. Suna da lafiya, sadaki ya shiga, gero ya yi kyau bana. Abin da suka rasa shi ne birni a bayansu cikin hoton biki.

Ta ce mini, "Kawu, 'yan'uwansa na Yamai suna kirana amaryar rairayi. In suka ga yashi a hotonmu, na shiga uku."

Na tambaye ta me ke cikin birni da ya fi kukar ƙofar gidanmu kyau. Ta ce hoton birni yana nuna inda mutum zai je. Ban yi gardama ba. Ni ma hoton da nake ji da shi a gaban motar wani aka ɗauke ni.

Alhamdu lillahi, ba sai an hau taksin daji an sha ƙura ba. Mai Girma Uban Alkawari, Allah ya ƙara masa tumbi, ya yi mana kwalta lokacin neman ƙuri'a. An ce za ta kai har Dogon Dutsi. Ta taso daga gindin fitila guda, ta kai tsawon tabarma, ta gaji. Nan ya yanke ƙyalle, nan ya yi hoto, nan muke layi da amare tun daga ranar.

Jibo mai hoto ya kori awaki, ya roƙi mai amalanke ya dakata, ya ce, "To ku matso."

Abdulwahabu ya ce, "A'a, malam. Ba a ɗaura ba tukuna. Sai da tazara."

Ya ja gefe, ya faɗa yashi har idon sawu. Aka tura amarya ɗaya gefen, ita ma ta sauka. Kwalta ta rage a tsakiya ita kaɗai.

Jibo ya juyo gare ni ya ce, "Mushe," haka ake kiranmu malaman makaranta, "ko dai in ɗauki amarya a birni, ango a ƙauye?"

Idon Rumaisa'u ya cika da ƙwalla. Ango ya dubi ƙasa, ya dube ta, ya ce, "Kawu, wai me muke jira har bayan girbi? Ba za a iya ɗaurawa Juma'ar nan ba?"

An kuwa amince. Juma'a za su tsaya kafaɗa da kafaɗa, Jibo ya auna ya ce za su shiga cif, muddin ango bai sa babbar riga ba.

Don haka masu cewa Ranka-ya-daɗe ya cinye hanyarmu, ku ji tsoron Allah. Tarbiyya ya duba, ya yi mana kwaltar da ba ta ɗaukar mutum biyu sai da aure. Marar lafiya dai ya ci gaba da hawa amalanke, shi ba hoto zai je yi ba.