Rasuwar Wayar Iliasu, Wadda Ba Ta Taɓa Gudu Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsan da ya rasa abin dannawa, Iliasu tela na Maamobi yake sanar da 'yan'uwa da abokan wasa rasuwar wayarsa, wadda ta cika ranar Talata bayan la'asar a kan bencin ƙofar shagonsa, tana tsakiyar aiki. Ta daɗe tana jinya. Shi ma mai jinyar ya gaji, ba zai ɓoye ba.

Marigayiya ba sabuwa ta zo hannunsa ba. A Sakul ya saye ta wurin masu tsofaffin wayoyi, kuma ba ta jima ba ta faɗo daga kan keken ɗinki ta tsage a gefen hagu. Wanda bai san wasan harbi na waya ba, zai ce tsagewa ce kawai. To, a wasan nan mutum huɗu-huɗu ake jefawa cikin fili, su nemi bindiga, su kare juna, ƙungiyar da ta rage a ƙarshe ita ta ci. Babban yatsan hagu ke tafiyar da sojanka, in ka tura shi can sama sai ya ruga a guje. Daidai wurin turawar tsagewar ta bi. Tun daga ranar sojan Iliasu bai taɓa gudu ba. Ana ruwan harsashi, gidaje na fashewa, shi yana tafe a natse kamar dattijon da ya fito daga masallaci.

Sauran ukun su ne Rauf, ɗan okada mai haya da babur daga Nima, wanda duk layin ya yarda babu mai saitinsa a harbi, shi kuma ya fi kowa yarda; da Lamisi mai wake da shinkafa, wadda kan zo in tukunya ta ƙare; da Jalilu mai gyaran fanka. Da farko sun sha wuya da marigayiya. Rauf zai yi gaba shi kaɗai ya kwantar da mutum biyu, na uku ya kwantar da shi, ya kama jan ciki yana kiran a zo a tashe shi, alhali na kusa da shi yana can bayan dutse. Da aka sha kashi har aka gaji, Lamisi ta kafa doka: ba mai tsallaka titi, ba mai shiga gida, sai ya waiga ya ga Iliasu. "Ku jira tela," abin da take cewa ke nan, har yaran layi suka mai da shi waƙa.

Daga nan alherin marigayiya ya fara bayyana. Tunda dole a jira ta, sai aka koma tafiya a dunƙule. Rauf, don kada zaman jira ya kashe shi, ya riƙa hawa rufi yana duba hanya, ya ga abin da da can yake afkawa ciki ido rufe. Jalilu ya samu lokacin cika bindiga. Iliasu kuwa, da yake kullum shi ne a baya, shi ke ɗauke da magani da ragowar harsashi, shi ke fara ganin masu zagayowa ta ƙeya, kuma duk wanda ya faɗi, in ya yi haƙuri, zai ga tela ya iso. Iyalan marigayiya ba sa da'awar cewa ta iya harbi. Amma da ita ƙungiyar ta ci 'yan unguwar Kotobabi, waɗanda kowannensu ya fi Iliasu hannu nesa ba kusa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da zazzaɓi. In an yi wasa biyu sai ta ɗau zafi kamar dutsen guga, a ajiye ta gaban fankar Jalilu ta huce. Daga baya batirinta ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, Iliasu ya ɗaure ta da robar ƙugun wando. Caji ma ba ta karɓa sai an tokare igiyar da ƙwaryar zare, kowa ya daina motsi a kan benci. Ba ta taɓa ƙorafi ba, in ban da ɗan kukan nan nata idan wuta ta kusa ƙarewa: tuu-tun. Ranar Talata saura ƙungiya biyu a fili, Rauf ya faɗi a gindin gada, Iliasu yana takawa zuwa gare shi da magani a hannu. Ya kusa. Ta ce tuu-tun, sau ɗaya, fuskarta ta yi baƙi. Mai gyara a Sakul ya buɗe ta, ya duba, ya mayar da murfin a hankali.

Ta rasu ta bar caja guda, mai rai amma ba lafiya. Da abin sawa a kunne wanda ɓangaren dama kaɗai ke magana. Da robar wando, wadda ta koma bakin aikinta. Ta kuma bar ƙungiyar da ba ta san halin da take ciki ba.

Domin kujerar Iliasu ba ta kwana biyu babu kowa ba. Rauf ya kawo Ɗanbala, ɗan Nijar mai sayar da tabarau a Kawukudi, mutumin kirki mai saurin yatsa. Yanzu huɗun duka gudu suke yi. Ana sauke su kowa ya kama gabansa, kowa ya mutu a lungunsa yana kiran sunan wanda ba zai zo ba, sannan a taru a zagi netwok. Iliasu yana jin komai daga bayan keke, tunda har yanzu bencinsa suke zama.

Maiɗakinsa Azara ta tausaya masa ta ara masa tata, sabuwa fil, Jalilu ya ba shi wuri. Karon farko sojan Iliasu ya yi gudu, kuma gaskiya akwai daɗi. Ya gudu ya wuce Lamisi tana kwance tana kiransa, ya gudu ya faɗa tsakiyar fili, aka harbe shi kafin ya gano inda harsashin ya fito. Rauf ya dube shi ya ce, "Cale, abokina, ashe ba wayan ba ne." Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Abin da ke cin ran Iliasu ke nan: gurguwar waya ana jiranta ba a jin komai, amma bai ga mai jiran mutumin da kawai ba shi da sauri ba. Yana tsoron kada a ce ita ake jira tun farko, ba shi ba.

Ga yadda aka tsara rakiya. Ba za a yi mata wanka ba, mai gyara ya hana ruwa tun tana raye. An goge ta da ƙyallen shadda an naɗe ta a ciki. Za a taru ranar Asabar bayan azahar a ƙofar shago, a bi ta Nima har Sakul, inda za a miƙa ta ga mai gyara ya cire abin da zai amfani wasu marasa lafiya. Lamisi ta ɗauki nauyin koko da ƙosai in an dawo. Ana gayyatar Ɗanbala, ba a riƙe shi da komai ba.

A ƙafa za a je. Ana roƙon Rauf ya bar babur a gida. Iliasu ne zai ɗauki gawa, kuma da irin tafiyarta zai tafi, ba zai ƙara ko taku ɗaya ba. A kowace mararraba zai ɗaga kai ya duba ko akwai wanda ya tsaya ya waiga.