Nomau da Tandar Gado

Wallahi wannan da idona na gani, ba ji na yi ba. Wanda ya ƙaryata ni ya je Tsamiyar Gwanki ya tambaya. Katangarmu ɗaya da gidan Nomau, har tarin akuyarsa ina ji.

Nomau irin mutanen nan ne da in ka ce ya zauna nan sai ka dawo, ko baɗi ka dawo nan za ka tarar da shi. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tabawa mai waina, da akuya. 'Ya'ya sun yi aure sun watse. Dukiyar gidan kuwa tanda ce ta alminiyam mai gurbi goma sha biyu, wadda Tabawa ta gada wurin uwarta. A bakinta akwai ɗigo uku da tsohuwar ta buga da ƙusa, don kada a musanya mata a gidan biki. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau, Nomau ya sayo wani kwancen injin walda, bai fi rediyo girma ba, wai tartsatsin ke ba shi sha'awa. Ba a yi wata ba tanda ta tsage, mai na zurarewa cikin wuta. Tabawa ta jingine ta a bayan ƙofa, ta bar suya, ta rage magana. Nomau ya duba matarsa, ya ƙudura a ransa shi zai gyara.

Wata rana ya tafi bakin tasha wurin Sallau mai walda neman koyo. Sallau ya ba shi karatu biyu. Na ɗaya, ƙarfe ba ya jin magana sai ya yi ja. Na biyu, ga baƙin gilashi, kada ya cire sai aiki ya ƙare. Nomau ya dawo ya kama liƙa ƙafar kujera, yana tsaka aka ɗauke wuta. Kwana uku ba ta dawo ba, to aiki bai ƙare ba ke nan. Da gilashin ya ci tuwo, yana laluben miya. Da shi ya fita gaisuwa, ya durƙusa gaban turmi yana tambayar maiunguwa ya iyali. Tabawa ta ce ya cire kafin ya faɗa rijiya. Ya ce, "Malam Sallau bai ce ba." Sai ta riƙa jan hannunsa zuwa masallaci, ta tsaya daga nesa.

Wata rana Sallau ya ce masa hannu ba ya faɗawa sai da gwaji, duk ƙarfe biyu da ya gani a gida ya haɗa su. Nomau ya haɗa fartanya da lauje. Ya haɗa kwaɗo da makullinsa. Da ya waiga ya ga sakata da ƙofa su ma ƙarfe biyu ne, sai ya liƙe su, shi yana ciki, Tabawa tana kasuwa. Ta katangata ta shiga gidanta, ni na riƙe mata tsani. Na zaci ranar za a yi ta, amma da ta ga yadda ya jera aikinsa a tsakar gida yana jiran yabo, sai ta ce liƙin dai ya kama da kyau.

Wata rana ya ɗauki tandar a ɓoye ya kai wa Sallau. Sallau ya juya ta, ya tsotsi haƙori, ya ce alminiyam ba ya son datti ko kaɗan, a goge shi sai mutum ya ga fuskarsa. Jama'a, baƙin nan na tanda ba datti ba ne, man shekara arba'in ne, shi ke hana waina kamawa. Nomau ya zauna bayan rumbu da toka da yashi, kwana shida yana dirza, yana leƙawa. Rana ta bakwai ya ga hancinsa, ya ruga ya nuna wa Tabawa. Ta riƙe tandar tana ƙyalli, ta ce:

"Malam, hannun Inna ka wanke."

Nomau bai gane duka ba, amma ya gane ya yi ɓarna, tuwo ma ya kasa ci.

Wata rana Sallau ya ce ya kifa tandar a kan laka ta zauna daram, ya liƙa ta baya, kuma kada ya bar kowa ya taka wurin aikinsa. Nomau ya kwaɓa laka, ya kifa tanda, ya hau kai da ƙafa biyu don ta zauna daram ɗin. Ya kunna inji. Sandar walda ta yi ta tofi tana mannewa, inji na kuka kamar ɗan akuyar da aka yaye, tsaga ta zama rami. Ya koma bakin tasha. Sallau ya ce ɗan injin nan ba shi da ƙarfi, alminiyam kuwa shanye zafi yake yi, sai ya ɗumama tandar tukuna. Nomau ya ɗaga ta daga laka, ya kife wurin da kwando saboda akuya. Ya cika tsohon kwanon ƙarfe da gawayi, ya ɗora tanda, ya aro zugazugi. Karatun farko na nan a kansa: sai ya yi ja. Abin da Sallau ya manta bai faɗa ba, alminiyam ba ya ja. Fari yake, fari zai tsaya, sai dai ka ga ya sulale. Nomau na zuga yana jira, yana zuga yana jira, tanda ta lanƙwashe kamar man shanu a rana, ta tsiyaye gindin kwano.

Da ta huce ya ɗauko dunƙulen a cikin hularsa, ya durƙusa gaban Tabawa. Ya ce, "Ba ta yi ja ba, uwar Hanne. Na jira." Ta karɓa ta ɗora a cinya. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ni na je na kira Sallau. Ya zo yana sosa ƙeya, ya ce laifinsa ne, tun ran farko ya san tandar da ta sha mai haka ba ta liƙuwa, maganinta a narke a sake zubi, amma wa ke da zuciyar ce wa mace a narke gadon uwarta? Kuma ko an narke, a ina za a samo siffar? Yana faɗa ya kai ƙafa zai ture kwando. Nomau ya tare shi, ya ce ai shi ya ce kada kowa ya taka. Sallau ya ɗaga kwando. Ga laka ta bushe ƙamas, ga gurbi goma sha biyu, ga ɗigo ukun tsohuwa raɗau.

Ran kasuwa suka kai wa masu zubin tukwane dunƙulen da lakar. Suka ce ba su taɓa samun ƙarfe mai tsabta haka ba, sai dai bai isa ba, wuta ta ci wani. Nomau bai yi shawara da kowa ba, ya miƙa butarsa ta alwala, ita ma alminiyam ce.

Aka zubo sabuwar tanda. Wainar farko ta kama, ta biyu ma ta kama. Tabawa ta kankare ta zuba masa a kwano, tana shafa ɗigo ukun nan da ɗan yatsa. Ya tambaye ta yaushe za ta yi baƙi kamar da. Ta ce sai shekara arba'in.

"Kai za ka cinye duk wadda ta kama, Malam. Kada ka je ko'ina sai ta yi baƙi."

Ya ce to. Kun dai san Nomau da umarni. Yana nan har yau, ya tasam ma tamanin, ko mura ba ya yarda ta kama shi.

Duk abin nan haka aka yi, sai zancen turmi, shi ne na ɗan gyara. Ba Nomau ya gaida turmi ba, ni ne, kuma ba gilashi a idona.