Sayayyar da ta kai ni Treichville

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da kishin Sadisu ya ja ni har kantin magani.

Tare muka baro Kano ni da shi, muka sauka a unguwar Adjamé, can ƙasar masu Faransanci, wajen Alhaji Mamman mai shigo da kaya. Kafin a jima Sadisu ya iya Faransanci (ko in ce ya iya ƙarya da shi), wayarsa ba ta hutawa da kiran 'yan mata. Tawa kuwa in ta yi ƙara, Umma ce take tambaya ko na ci abinci. Duk yamma in ya fesa turare zai fita, bakina ya ce "Allah ya shirye ka", zuciyata kuma ta ce "Da me ya fi ni?"

Rannan shaiɗan ya rinjaye ni, na ce ni ma sai na shiga sahu. Amma ina tsoron cuta, don haka na yanke shawarar tanadar kwaroron roba tukuna (budurwar ma ban samu ba). Na shiga tasi har unguwar Treichville, inda ba wanda ya san ni.

Wata matashiya na tarar tana tsaron kantin maganin. Sunan abin da Faransanci ya ɓace mini ɓat. Na yi ta nuni, ta miƙo mini safar hannu. Haushi ya sa na ce da Hausa, da ƙarfi, "Wai ke ba ki san kayan harka ba?"

Ta ce, "Na sani. Kai ne baƙon Kawu Mamman ko? Ina baƙunta?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce saƙon wani ne, na juya zan sulale, sai ga Sadisu a kan benci, ya takure da ledar allurai a hannu.

Ya ja ni gefe ya ce, "Ciwon sanyi ne, abokina. In zan yi fitsari kamar barkono. Likita ya ce har gwajin jini sai na yi, ko barci ba na iyawa."

Na tausaya masa, amma har a nan sai da kishi ya taso, don shi matashiyar ta yi wa sannu da murya mai taushi, ni kuwa cewa ta yi in gaida Kawu.

Tun daga ranar na kama kaina. Na gane babu garin da Bahaushe bai riga ka zuwa ba, kuma kafin ka yi kishin mutum, fara tambayarsa yadda yake fitsari.