Yadda Za Ka Yar da Tsohuwar Kyanwa Ba Tare da Ta Tafi Ba

Kai maigida mai cika baki a majalisa cewa ba ka son kyanwar matarka, matso kusa. Dabarar nan ba ta taɓa kunyata kowa ba. A wurin Malam Hammajoda na Tirwun na ɗauko ta, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cusa Gimbiya, kyanwar matarsa Bintu, a buhu duk ranar da ta sha man shanu. Ya kai ta Inkil, can bayan gari, a babur ya yar, kafin ya dawo ta riga shi gida tana lasar hannu a kan buzunsa.

Mataki na ɗaya: Ka ga alamu, ka musa

Kyanwa idan ta tsufa, kanta kwancewa yake yi. Za ta ci abinci, ta juya, ta dawo tana kuka kamar rabonta da ci tun Sallar bara. Za ta tsura wa bango ido har la'asar. Ta daina wanka, gashinta ya cukurkuɗe. Gimbiya har shiga bayan randa take yi ta rasa hanyar fita, ga ɓera na kalaci a kwanonta.

Duk ka ce iskanci ne. Da Bintu ta ce, "Malam, Gimbiya fa ta fara ruɗewa," cewa ya yi, "Ruɗewar me? Makirci ne, na san hali."

Mataki na biyu: Ka yi alkawari gaban jama'a

Jira ranar da za ta manta inda ƙasar bayan gidanta take. Gimbiya ta zaɓi hular Malam, wadda ya kife a tabarmar zaure don ya yi alwala, abokansa na zaune. Masana sun tabbatar cewa namijin da aka yi wa dariya a zaurensa ba ya shawara da kowa.

"Yau sai Inkil!" in ji shi.

Bintu ta leƙo ta bayan labule, muryarta ƙasa-ƙasa. "Malam, wadda ke ɓacewa a bayan randa? In ka kai ta, ta tafi ke nan."

Ya san gaskiya ta faɗa. Amma abokai sun kasa kunne, sai ya ce a miƙo buhu.

Mataki na uku: Inkil a baki, bayan layi a ƙafa

Ka tayar da babur da ƙarfi kowa ya ji. Ka sha kwana ta farko, ka sha ta biyu, ka tsaya gindin ɗorawar da ake hangowa daga katangar gidanka. Ka kwance buhu, ka juya fuskarta saitin gida, ka nuna mata da yatsa. Malam har bayani ya ƙara: "Miƙe nan, ki wuce mai faci, ƙofa mai shuɗin fenti."

Sannan ka zaga gari don a ce ka yi nisa. Shi har kasuwar Muda Lawal ya je ya tambayi kuɗin dawar da ba zai saya ba.

Mataki na huɗu: Jira kamar ba jira kake ba

Ya dawo ya duba buzu, babu kowa. Aka yi azahar, babu. Bintu ta ajiye tuwo, shi kuma ko taɓa shi bai yi ba. Ya leƙa bayan randa, wai sanyin ruwa yake dubawa.

Mataki na biyar: Ka fita shan iska

Kada ka ce nema ka fita. Malam ya ce iska zai sha, a ranar da ko akuya ta nemi inuwa. Ya same ta inda ya bar ta, ta juya baya tana kallon kututturen ɗorawa, tana jira ya matsa ta wuce. Ya kira ta. Ta waiwayo ta dube shi kamar mai karɓar haraji, ba ta gane shi ba. Wannan ya yi masa ciwo fiye da batun hula.

Ya tsuguna ya miƙa hannu. Ta daɗe tana sunsunawa, sannan ta ɗora haɓarta a tafinsa. Ya cusa ta cikin babbar riga.

Mataki na shida: Ka yi mamaki da ƙarfi

Ka sauke ta a soro, ka shiga kai kaɗai, ka waiwaya ka daka tsawa.

"Bintu, fito ki ga jaraba! Tun daga Inkil!"

Bintu ta dubi kyanwa, ta dubi mijinta. "Da ƙafarta ta zo, Malam?"

"Da ƙafarta mana."

"Sannunta da hanya. Kai kuma karkaɗe gashin da ke ƙirjinka kafin ka fita majalisa."

Gargaɗi

Ban ɗauki alhakin komai ba. Idan bayan wannan ka wayi gari kai ne mai kai ta gaban kwanon ruwa kullum, kai ne mai jiƙa mata busasshen kifi saboda haƙori ya ƙare, kana yi kana zaginta a hankali don kada ta firgita, kada ka neme ni. Malam Hammajoda ma har yau cewa yake yi gobe zai kai ta Inkil.